Bangon Ɗakin Hajiya Ya Tsage, Yaya Ya Ce a Sayar da Gidan

Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a nan Kaduna. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne, da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata a zamanin Gowon, ya gina gidanmu a Tudun Wada. Ɗakunan ciki na bulo ne, zaure da ɗaki ɗaya kuma na ƙasa ne da aka shafe da siminti. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa, ba a raba gado ba, Hajiyarmu tana cikin gidan ita da ƙannena biyu. Bangon ɗakinta ya tsage daga kusurwar taga, tsagar ta gangara hawa-hawa kamar matakala. Sau uku ina ɗaukar adashi ina ba magini yana shafewa, tana dawowa. Da bazara sai ta buɗe har biro yana shiga, idan damina ta yi nisa ta kusan haɗewa, ƙofa kuma ta riƙa cijewa. A bayan ɗakin akwai mangwaron da Baba ya shuka, ga sokawe kusa da shi. Yayanmu da ke Abuja ya ce gidan ya gama yayi, a sayar, har wani dillali ya fara zarya. Hajiya ta ce sai dai a fitar da ita a makara. Gwaggonmu ta ce hannu aka sa wa gidan. Magini kuma ya ce in kawo kuɗi ya kafa fila, wato ginshiƙin kankare, a kowace kusurwa. Ba na iya barci idan hadari ya taso. Bangon nan zai faɗa wa Hajiya ne? In ci bashi a yi filar, ko in bi bayan Yaya?

'Yar'uwarka daga Tudun Wada

Wa alaikumus salam Malama. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Ke kuma Allah ya mayar miki da gurbin adashin nan uku.

Bari in fara da abin da ke hana ki barci. Bangon bulo da ya yi shekaru yana buɗewa da rani yana rufewa da damina ba kasafai yake faɗuwa dare ɗaya ba. Yakan ba da sanarwa tukuna. Gobe da safe ki sa ƙaninki ya kafa ƙusa a saman bangon daga waje, ya ɗaura zare, ya rataya ɗan dutse a ƙarshensa. Idan tazarar da ke tsakanin zaren da bango ɗaya ce daga sama har ƙasa, bangon yana tsaye. Idan ya karkace, ko ya yi ciki a tsakiya, ko lintar taga, wato kankaren da ke samanta, ta karye ta sunkuyo, ko katakon rufi ya fara zamewa daga inda ya zauna, ko daɓen ɗakin ya lotsa ta gefen tsagar, ko kuwa tsagar tana ƙara faɗi mako bayan mako ba ruwanta da damina ko rani, to kada Hajiya ta sake kwana a ɗakin, ko da za ta yi fushi da ke wata guda. Idan babu ko ɗaya daga cikinsu, kina da lokacin da za ki yi aikin a tsanake.

Ni ɗakin ƙasan nan ma ya fi tsaya mini a rai fiye da na Hajiya, ko da yake ba ki yi kuka da shi ba. Zan dawo kansa.

A cikin wasiƙarki akwai jimla ɗaya da ta fi sauran duka daraja: da bazara ta buɗe, da damina ta haɗe. Wannan halin yumɓu ne. Duk wanda ya taɓa ganin ƙasan kududdufi bayan ruwa ya janye ya san yadda laka take darewa faɗi-faɗi har ƙafar akuya tana faɗawa. Masu ginin tukwane ma sun san tukunyar da suka gina ɗanya tana raguwa kafin ta bushe. Yumɓu idan ya sha ruwa kumbura yake yi, idan ya bushe ya tsuke. Yawancin Kaduna jar ƙasa ce da marmara a kan dutse, shi ya sa gidaje da yawa suke zaune lafiya. Amma wuraren da suka yi kwari, da bakin kogin Kaduna da rafukan da ke zuba a cikinsa, da tsofaffin kududdufan da aka cike da shara aka gina a kai, can ne ake gamuwa da laka. Ga kuma yanayin garin: ruwan da ya kai milimita 1,200 ko kusa da haka yana sauka tsakanin Afrilu da Oktoba, mafi yawansa a Yuli, Agusta da Satumba, sannan a yi wata biyar cur ƙasa tana shan iskar hunturu da ranar bazara. Ƙasar saman nan, mita ɗaya zuwa biyu, ita ce take kumbura ta sace duk shekara, kuma a cikinta fandeshon yawancin gidajen zamanin su Baba ya tsaya, don a lokacin da an haƙa zuwa gwiwa ko cinya sai a ce ya isa.

Da a ce gidan gaba ɗaya yake hawa ya sauka tare, da babu abin da zai tsage. Matsalar ita ce tsakiyar gida tana ƙarƙashin rufi da daɓe, laimar ƙasarta ba ta cika canzawa ba, gefe da kusurwa kuwa su ne rana take gasawa, ruwa yake duka. Sai kusurwa ta sauka ta bar sauran ginin a sama. Bulo ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, kuma a inda ya fi rauni yake karyewa, wato kusurwar taga ko ƙofa, daga nan tsagar ta bi layin kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo. Matakalar da kike gani ke nan. Ƙofar da take cijewa ma labarin ɗaya ne, firam ɗinta ne yake gocewa tare da bango.

Idan kina son gani da idonki, a tono ƙasa kamar zurfin kamu biyu a bayan ɗakin, nesa kaɗan da jikin bangon. Ki jiƙa ta, ki murza a tafin hannu. Idan ta yi siriri kamar tsinken tsintsiya ba ta katse ba, yumɓu ne. Ki dunƙula wata ki shanya. Idan ta bushe ta yi tauri har ba ta murƙushewa da yatsa, kin ƙara samun shaida.

Yanzu kin ga abin da ya cinye adashinki. Filasta fata ce, kaurinta bai wuce santimita ɗaya da rabi ba. Kusurwar gida da nauyinta duka idan za ta sauka, fatar nan ba ta isa ta riƙe ta ba, ko da siminti zalla aka kwaɓa. Ba zan ɗora wa maginin laifi sosai ba. An ce masa ya rufe tsaga, ya rufe. Laifinsa ɗaya, da ya zo karo na biyu ya ga aikinsa ya dare a daidai wurin farko, ya kamata ya ajiye cokali ya zagaya bayan ɗakin.

Gwaggo kuma kada ki yi musu da ita. A yi addu'a, a yi sadaka, babu gidan da ya wuce buƙatarsu. Sai dai ki ajiye a ranki cewa ciwon da yake tashi a Maris ya kwanta a Satumba, duk shekara ba fashi, kalandar damina yake bi.

Mu zagaya bayan ɗakin da maginin bai zagaya ba. Ruwa ba ya tsami banza: gidan yana da kusurwoyi da yawa, me ya sa wannan ce kaɗai take motsi? Don ita ce aka haɗa wa mangwaro da sokawe. Babban mangwaro ba ya zubar da ganye da rani, saboda haka lokacin da sama ta ɗauke ruwa shi bai daina sha ba, saiwoyinsa suna zuƙe laimar da ke ƙarƙashin fandesho har ƙasar ta tsuke fiye da ta ko'ina a gidan. Mutane sun ɗauka saiwa ce take ture bango da ƙarfi. Hakan yakan faru da katangar waje, amma a kan yumɓu ƙishirwar bishiya ta fi ƙarfinta ɓarna. Darbejiya da turare da malaina duk haka suke. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce tazarar babbar bishiya da gini ta kai tsawon bishiyar idan ta gama girma.

To, a sare shi? Kada ki yi gaggawa. Ƙasar da bishiya ta shekara arba'in tana busarwa, ranar da aka sare bishiyar za ta fara shan ruwa tana kumbura, kuma takan ɗauki shekaru tana ɗaga ginin sama, sai a samu sabuwar tsaga a inda babu a da. Abin da ya fi shi ne a rage masa rassa sosai bayan ya gama 'ya'ya, a riƙa maimaitawa duk shekara ko bayan shekara biyu, don iya yawan ganye iya yawan sha. Idan daga baya injiniya ya ce sai an cire shi, a cire shi a hankali, kashi-kashi. Rage rassan ma zai fi yi wa Hajiya daɗi, don na tabbata ba ƙaramin abu ba ne a wurinta a ce za a sa gatari a bishiyar da mijinta ya shuka.

Sokawe kuwa aikinsa ke nan ya tsiyayar da ruwa cikin ƙasa, shi ya sa ba a son sa kusa da gini. Mita biyar ake nema idan fili ya bari. Na san filayen Tudun Wada, wani gidan ko mita biyun ma sai an yi dabara. Duk da haka a buɗe shi a duba. Idan bakinsa ya rufta ko bututun da ke kai masa ruwa ya fashe a gindin bango, a gyara, idan kuma akwai wani lungu da ya fi nisa da ɗakuna da rijiya, a mayar da shi can. A gwada fanfunan gidan ma: a cika tanki da daddare, a rufe kowane famfo, a sa alama a inda ruwa ya tsaya, da asuba a duba. Ni kaina na taɓa shekara biyu ina faɗa da bangon banɗakina, ina shafewa yana darewa, ashe wani ɗan bututu ne ya tsage a ƙarƙashin daɓe yana ɗiga dare da rana. Kuɗin gyaransa bai kai na buhun siminti ɗaya ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunyar mutanen da nake ba shawara.

Sai ruwan sama. Ki fita tsakar gida ranar da ake ruwa, da lema, ki tsaya ki kalli inda ruwan kwano yake sauka da inda yake bi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya fito ya duba. A tsofaffin gidaje za ki tarar ruwan rufi ya haƙa ɗan rami a gindin bango ya kwanta a ciki. A wasu layukan kuma an yi ta cike hanya har ta fi tsakar gida tudu, kwata ta toshe da leda, ruwan layi yana komowa ciki. A sa wa rufin indararo ya kai ruwan kwata. A kewaye ginin da daɓen kankare mai faɗin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kaurinsa kamar santimita 8 zuwa 10, a kan jar ƙasar da aka daddaɓe sosai, ya ɗan gangara waje yadda ko bokiti aka zubar ruwan zai guje wa bango. A riƙa yanka shi duk bayan mita biyu, don idan zai tsage ya tsage a layin da aka yi masa. Da kaka ya fi kyau a yi wannan aikin, lokacin da ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba, ba ta kuma ƙone ba. Wurin wanki da wanke-wanke da alwala, idan a jikin bangon nan suke, a sauya musu wuri. Manufar duk wannan ita ce ƙasar da ke gindin gidan ta zauna a hali ɗaya rani da damina. Gidaje da yawa daga nan tsagarsu take lafawa ba tare da an taɓa fandesho ba.

A lokaci guda ki sayi ƙaramin littafi da rula ta 'yan makaranta, abin da ba sai an koya wa malama ba. A wuri uku a jikin tsagar, sama da tsakiya da ƙasa, ki ɗiga alama da fensir a kowane gefe, ki auna tsakaninsu, ki rubuta da kwanan wata, ki ɗauki hoto da waya rular tana jiki. Ki ja layi a inda tsagar ta ƙare don ki gane ko tana ƙara tsawo. Ranar ɗaya ga kowane wata a sake aunawa. Wasu sukan manna ɗan gilashi a kan tsagar da siminti. Idan ya fashe an san bango ya motsa, sai dai gilashi ba ya faɗin nawa ya motsa, rula tana faɗi. Cibiyar binciken gine-gine ta Ingila tana da ma'aunin da injiniyoyi suke amfani da shi. Tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba yawanci ta ado ce, a cike a yi fenti. Daga 5 zuwa 15 sai an buɗe an gyara bulo, ƙofofi suna cijewa, bututu yana iya fashewa. Daga 15 zuwa 25 sai an rushe wani sashe na bangon an sake. Abin da ya haura 25, wato babban yatsa yana shigewa a sake, gini ne mai haɗari. Biro yana wajen milimita 8, ke nan taku tana mataki na biyu a wannan lissafi: ta wuce a kau da kai, ba ta kai a gudu a bar gida ba.

Ta kai dai a kira injiniya. Ina nufin injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, kuma ki tambaye shi lambarsa, ba rashin kunya ba ne. Ba ki da nisa da su: babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada take, tana da sashen injiniyan gine-gine, haka ma Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ki biya shi kuɗin dubawa da rahoto a rubuce, daban da kuɗin aiki. Wanda abincinsa yake cikin girman gyaran da wuya ya ce miki gyaran ƙarami ne. Injiniyan kirki zai sa a haƙa rami a gefen bangon ya ga zurfin fandesho da irin ƙasar da ya zauna a kai, mai yiwuwa ya ɗebi ƙasar a kai ɗakin gwaji. Littafin nan naki zai fi komai yi masa amfani.

Batun fila, amsata a'a ce, kada ki ci bashi dominta. Don a kafa fila a tsohon gini sai an fasa kusurwa, wurin da bulon bango biyu suka sarƙe suka riƙe juna. An raba su ke nan. Sannan a zuba kankare mai nauyi a daidai inda ƙasa take sauka. Idan gindin filar bai wuce yumɓun da ke motsi ba, tare za su riƙa hawa da sauka, an ƙara wa mara lafiya kaya. Idan kuma ya wuce, filar za ta tsaya cik, bangon da ke gefenta ya ci gaba da motsi, tsagar ta koma jikin filar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan bayan an gyara ruwa an rage mangwaro bangon bai daina motsi ba, maganin da aka sani shi ne a ƙara wa fandeshon zurfi ta ƙarƙashi. Ana raba tsawon bangon gida-gida, kowane kamar mita ɗaya. A haƙa na farko har ƙarƙashin tsohon fandesho zuwa ƙasa mai ƙarfi, a zuba kankare, a bar 'yar tazara a sama, idan ya kama a cusa busasshen kwaɓi a daka shi har ya ɗauki nauyin bangon. Sai a tsallake na kusa da shi a tafi na uku, na biyar, daga baya a dawo kan waɗanda aka tsallake. Ba a taɓa haƙe ƙarƙashin bango gaba ɗaya a lokaci guda, nan ne ake kashe lebura. Aiki ne na rani, injiniya yana tsaye a kai, kuma kafin babban gyara irin wannan a tuntuɓi KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, kan izini. Yana da tsada, shi ya sa na sa shi a ƙarshe.

Ita tsagar kanta, a yanzu a toshe ta da abu mai laushi daga waje don kada ruwa da ƙwari su shiga, a bar ta. Ranar da littafi ya nuna ta lafa, sai a yi mata gyaran gaske. A ɓare filasta kamar taƙi ɗaya ko fiye a kowane gefe, a buɗe bakin tsagar da cizal, bulon da ya farfashe a cire a sa sabo. A ɗinke ta: a yanka layin kwaɓi a kwance ya ratsa tsagar, a kwantar da siririn rodi da ya wuce ta da rabin mita ta kowane ɓangare, duk bayan layi biyu na bulo, a binne shi sosai cikin kwaɓi don kada tsatsa ta same shi. A wanke ƙura, a jiƙa bangon kafin a cike. Kwaɓin kada ya fi ƙarfin tsohon bulon. Kwanon siminti ɗaya a kan na yashi biyar ya isa. A shimfiɗa ragar waya a kai kafin filasta. Inda ake buƙatar kankare mai rodi, awon da aka saba shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya mai kilo 50 kwanon lebura biyu ne, sai yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. Ki sa ƙaninki ya zauna yana ƙirgawa. Ya kuma hana lebura tsinka kwaɓi da ruwa don ya yi saurin zuba, ruwa mai yawa ƙarfin kankare yake ci. Yashi a zuba kaɗan a kwalba da ruwa a girgiza a ajiye. Idan laka mai kauri ta kwanta a samansa, a mayar wa mai tifa kayansa. Simintin da ya yi gudaji ya sha iska, kada a karɓa. Bayan an gama, a yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana bakwai, da hunturu har a lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, don sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa masa. Nan ne aikin mutane da yawa yake lalacewa, magini ya karɓi kuɗinsa ya tafi, babu mai tuna bokiti.

Ki kuma ɗaga kai ki dubi lintoci. Idan kankare yana ɓarewa rodi ya fito ja da tsatsa, a fasa har bayan rodin, a goge shi tas, a mayar da kwaɓi mai ƙarfi. Tsatsa kumbura take yi ta ture kankare, shafawa a kanta ɓata siminti ne.

Na ce zan dawo kan ginin ƙasa. Kakanninmu da ƙasa suke yaɓe ƙasa, su bi da makuba, duk shekara ko biyu a sake kafin ruwa ya sauka, bangon yana shan laima yana fitarwa. Siminti a kan ƙasa ba ya kamawa da gaske. Yakan saki daga ciki, ruwa ya shiga ta 'yar tsaga ya rasa hanyar fita, ƙasar ta yi ta narkewa a ɓoye alhali daga waje bangon sumul. Irinsa ne yake zubewa cikin dare a watan Agusta ba sallama. Ki bi zauren da ɗakin kina ƙwanƙwasawa da bayan cokali, musamman daga ƙasa zuwa gwiwa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, a ɓare a ga abin da ke ciki. Idan gindin ya jiƙe ya zaizaye, kada kowa ya kwana a ɗakin da damina sai an gyara, kuma a nemo maginin ƙasa na asali, har yanzu akwai su. Inda ginin ƙasa ya haɗu da na bulo kuwa kullum zai tsage, nauyinsu da motsinsu ba ɗaya ba ne. A bar wurin a matsayin gaɓa, a cike da abu mai laushi, a rufe da katako.

Saura Yaya. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Shekara biyar gado yana ajiye, yana da haƙƙi a ciki kamar kowa, kuma mai yiwuwa shi ma tsoron da ke hana ki barci ne yake hana shi, ya rasa yadda zai faɗa sai ta hanyar a sayar. Inda ya kuskure shi ne yanke hukunci daga Abuja a kan bangon da ba a auna ba. Dillalin da ke zarya kuwa, ai sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma wannan karon bango biyu ya gani, na ɗakin Hajiya da na tsakaninku. Zai yi ta nuna tsagar yana girgiza kai don ya karya farashi, alhali wanda zai saya filin yake so, rushe ginin zai yi. Ki ce wa Yaya, cikin ladabi, ba ki ƙi maganarsa ba, amma a jira rahoton injiniya, kuma a raba kuɗin rahoton tsakaninku don ya zama na kowa. Idan rahoto ya ce gyaran ya fi ƙarfinku, kin ga sai a zauna a yi maganar sayarwa da hujja a hannu, ke ma ki shirya jin hakan. Idan ya ce indararo ne da daɓe da sokawe, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Rabon gadon ma ina ba ku shawara ku daina ɗaga shi. Raba gado ba dole ne ya zama sayar da gida ba. Ana iya yi wa gidan kuɗi, malamin da ya san gado ko kotun shari'a ta fitar wa kowa kasonsa, Hajiya da tumuninta, sannan ku 'ya'ya ku amince a rubuce cewa za ta zauna a ciki iya rayuwarta, ko mai hali ya sayi kason mai buƙatar kuɗi. A duba takardun gidan tun yanzu, idan akwai gyara a je KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna. Ke kuma, daga yau kada ki sake kashe ko sisi a gidan nan sai kin faɗa wa 'yan'uwanki tukuna, an kuma rubuta ko kyauta ce ko bashi ne a kan gado, da shaidu. Na sha ganin 'yar da ta riƙe gida shekara goma, ranar rabo aka ce wa ya aike ta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, ba sai kin ji nauyin kowa ba.

Hajiya kuma a daina ce mata ta tashi, kalmar ce take sa ta ambaton makara. A ce mata za a gyara ɗakin da Alhaji ya gina mata, ana roƙon ta ɗan koma ɗakin tsakiya kafin a gama. Idan zaren nan ya nuna bango yana tsaye kuma ta ƙi motsawa, a janye gadonta daga jikin bangon zuwa ɗaya gefen, a sauke duk wani kaya mai nauyi da aka rataya ko aka jingina a wurin. Wannan saƙon kada ya fito daga bakinki ko na Yaya. Ki je ki gaida Gwaggo da ɗan goronta, ki ce mata ke ma hankalinki bai kwanta da ɗakin ba, ki roƙe ta ita ta yi wa Hajiya magana. A kan wannan dai ra'ayinku ɗaya ne da ita, ko da dalilanku sun bambanta.

Idan littafin ya samu awon Maris da na Satumba, ki sake rubuto mini da su, ki haɗa da abin da aka tarar da aka buɗe sokawen. A gaida Hajiya.